Neman Gidan Inna a Tsohon Hoto

Aikin Auta zanen taswira ne. Yini take gaban kwamfuta tana bin hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauko daga sama, tana zagaye rufin gidaje, tana jan layin tituna. Gidan kowa a garin nan ta san inda yake. Gida ɗaya ne ya gagare ta, wanda mahaifiyarta take nema.

Inna ta tsufa, mantuwa ta kama ta. Kullum da hantsi sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta ce za ta tafi gida, alhali gidan da take nufi an rushe unguwarsa tun Auta tana firamare. Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne Inna ta daina gane ta. "Baiwar Allah" take ce mata, cikin ladabi kuwa, kamar baƙuwa. Yaya, babban wansu, ya ce a sa kwaɗo a ƙofa kowa ya huta. Shi dai Yaya, komai ya taso maganinsa kwaɗo.

Auta ta shiga ɗakin ajiya na ofis, ta tono wani tsohon hoton garin da aka ɗauka daga jirgin sama, gefensa duk ya naɗe. To, tsohon hoto ba ya hawa kan sabo haka kawai. Sai an samu abubuwan da ba su gusa ba a cikin hotunan biyu, a kafe su ɗaya kan ɗaya, yadda tela yake kafe yadi da allura kafin ya yanka. Ta samu gadar jirgin ƙasa, ta samu tankin ruwa. Na ukun ne ya ƙi samuwa, ga gidajen unguwar duk kamarsu ɗaya daga sama.

Ta zauna kusa da Inna a tabarma, ta tambaye ta me ake gani daga ƙofar gidan. Ikon Allah, matar da ba ta tuna ko ta karya kumallo, sai ga ta tana ta zuba. Wai akwai wani ƙaton dutse mai tsaga inda suke shanya wanki, gidansu ne na biyu daga shi, da bishiya a tsakar gida. Washegari Auta ta duba, ga dutsen nan a hotunan biyu. Ta kafe shi, tsoho ya zauna daram a kan sabo. Ta ɗiga alama a kan rufin gidan, ta tura ɗigon cikin wayarta.

Ranar hutu ta sa Inna a mota, Yaya yana baya yana ta mita. Ɗigon ya kai su wurin wankin mota. Siminti ne shimfiɗe, ga kumfa, ga injin feshi yana ƙara. Babu bishiya, babu ko guntun bango. Auta ta ji haushin kanta da ta kawo tsohuwa ta ga wannan.

Inna ta fito, ta daɗe tana kallon dutsen can gefe, sannan ta tako a hankali. Ta tsaya a wani wuri inda babu komai, ta cire takalmanta ta jera su, ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofar da ita kaɗai take gani. Mai wankin motar ya kashe injinsa ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Inna ta waiwayo, ta ga wata tsaye a rana riƙe da waya. Ta ɓata fuska.

"Auta, me kike yi a waje? Shigo mana, rana za ta sa miki ciwon kai."

Hawaye suka zubo wa Auta. Ta cire takalmanta ta ajiye kusa da na Inna, ta ɗaga ƙafa ta shiga.