Injin da Malam Mainasara Ya Sayo

Tun da Malam Mainasara ya yi ritaya daga koyarwa, gidansa da ke Yelwa bai sake samun sakat ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara wa yara rubutu, da ya rasa yaran sai ya juyo kan matarsa Hansatu da tanderunta. Ita kuwa gurasa take gasawa tun suna amarci, ta alkama tsantsa, mai ɗan duhu da nauyi, irin wadda masunta ke saye kafin su shiga ruwa saboda tana riƙe ciki. Ba ta taɓa yarda da fulawar buhu ba. Duk ranar kasuwa sai ta je da kanta ta tauna ƙwaya ta ji ta bushe kafin a auna mata. Wadda ta riga ta tsince ta wanke ta shanya kuma, ita take ɗauka zuwa injin Ɗangana da ke bakin ruwa, inda jirage ke sauke mutane.

A can take haɗuwa da Christiana, wata mai noman albasa daga wani ƙauyen Gungawa a tsallaken ruwa. Tun suna goyon fari suka saba a kan bencin layin niƙa, har ga shi dukansu sun yi jikoki. Ba su taɓa sa rana ba, ba su taɓa cewa za su haɗu ba. Kowacce dai tana zuwa da kwanonta, ta ajiye a layi, in aka kusa zuwa kanta ta ce wa ta baya ta wuce, ita ba sauri take ba. Waya kuwa ba ta amfana musu komai, domin a ƙauyen su Christiana sai an hau tudu ake samun sabis, ita kuma gwiwarta ta daina hawan tudu. Wannan bencin shi ne duk abin da suke da shi.

Ɗangana ne ya jawo tsiyar. Ran nan ya niƙa wa wata barkono, ya manta bai bi injin da dusa ba kafin ya zuba alkamar Hansatu. Aka yi rashin sa'a washegari Malam ya yi baƙi, tsofaffin abokan aikinsa, ya sa aka kawo musu gurasa yana ta kuranta ta. Aka gutsura, sai ga manyan mutane suna hawaye suna neman ruwa. Malam ya ƙulla abin a ransa.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da kwali a bayan kabu-kabu, fuska kamar wanda ya dawo daga Makka.

"Uwar Murja, wahalarki ta ƙare," in ji shi, yana fito da wani ɗan inji mai sheƙi. "Daga yau babu layi, babu barkonon kowa. Nan gida za mu niƙa abinmu."

"Allah shi saka da alheri, Malam," in ji Hansatu.

To me za ta ce? Mace mai jikoki ta buɗe baki ta ce ita zaman layi take so? Sai ta koma neman laifin inji. Ta ce garin ya yi tsaki. Malam ya ɗauko rariya ya tankaɗe a gabanta, ya nuna mata 'yar dusar da ta saura kamar mai nuna wa ɗalibi inda ya ci gyara. Ta ce ai wuta ba ta zama. Ya kira ɗansu Hafizu, aka zo aka ƙara wa solar gidan batir. Ta ce to garin ya cika laushi, ba zai tashi ba. Ta kwaɓa da yis tana fatan ya kunyata, sai ga ƙullu ya kumbura har yana ture faifai. Gurasar ranar, don rashin mutunci, ta fi ta kullum ƙamshi, masunta har tambaya suke ko ta sake hannu.

Malam kuma ya sami sana'a. Ya ɗaura tsohuwar riga, gemu ya yi fari fat, yana yi wa duk wanda ya shigo lacca a kan amfanin dusa ga hanji. Saura abu ɗaya da Hansatu ta dogara da shi, wato sayen alkamar. Ranar kasuwa ta yafa mayafi, sai ta tarar da shi a zaure da buhu a hammata.

"Zauna ki huta," ya ce. "Na ga yadda kika yi, taunawa ce kawai. Ina da haƙora."

Haka kasuwa ta ci ta tashi, wata ta sake ci, Hansatu na gida. Kewar Christiana ta dame ta ƙwarai. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tunanin matar na zaune a benci tana ce wa na baya su wuce, tana leƙen hanya. Ta fara faɗa da kaji, ta ƙona gurasa, Malam ya ce ƙila hawan jini ne, ya ƙara mata dusa a kunu.

Wata ranar kasuwa tana tsakar gida tana tsintar tsakuwa a tire, ta ji sallamar Malam, a bayansa kuma wata murya da ta sa tiren ya kusa kifewa. Christiana ce, da kwanon dawa a ka, zani ya jiƙe da ruwan jirgi.

"Na biya in gaya ma Ɗangana mun yi namu inji," in ji Malam, yana sosa ƙeya. "Sai wagga baiwar Allah ta tare ni tana tambaya ko rasuwa anka yi. Na ce ta taho ta gani da idonta, ta kuma ga niƙa na zamani."

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Malam, da ba ya iya barin tambaya ta wuce shi, ya ce, "Wai ku can ba ku da inji ne, kina ta ƙetare ruwa da dawa?"

"Akwai har biyu, Malam," in ji Christiana. "Guda ma bayan ɗakina yake."

Hansatu ta sunkuyar da kai, idonta ya kawo ruwa, domin ita ma ba ta taɓa sani ba.

Sai kuma abin mamaki, hira ta ƙi. Aka gaisa, aka tambayi jikoki, aka tambayi albasa, aka sake tambayar jikoki. Matan da ba sa gajiya da magana suka zauna kamar surukai, ana jin kukan kurciya a kan katanga. A nan Hansatu ta gane cewa ba su taɓa magana cikin shiru ba. Duk abin da suka taɓa faɗa wa juna, a cikin rugugin inji suka faɗe shi, baki a kunne, ba mai ji sai su.

"Malam," ta ce, "ba ka niƙa ma baƙuwa dawarta?"

Ai kamar jira yake. Ya zuba, ya kunna, ɗan injin ya ɗauki ihun da ya fi ƙarfin jikinsa, kaji suka watse. Christiana ta matso, Hansatu ta karkato kunne, bakin da ya ƙi buɗuwa ya buɗe. Suka yi dariya har da tafawa, sannan fuskar Christiana ta sauya, ta riƙo hannun ƙawarta tana magana da ƙarfi.

Dawar ba ta da yawa. Malam ya kashe inji ba tare da ya waiwayo ba, maganar Christiana ta faɗo tsakar gida ita kaɗai.

"...likita ya ce idon Jacob ba ya dawowa, ni kau ban da wanda zan gaya ma in ba ke ba."

Jacob mijinta ne. Ta kama baki, kunya ta rufe ta, Hansatu kuma ta rasa inda za ta sa ido. Malam ya tsaya da kwano a hannu. Ya ɗebi garin ya murza, gari lukwi, ko rariya ba ya buƙata.

"Kai, wanga da saura," ya ce. "Duk tsaki ne."

Ya juye shi cikin inji, ya juya musu baya, ya sake kunnawa.