Hannun Kawu Salifou

Nafissatou ce ta rubuta ɗan shirin da ke tsaron kwamfutar ofishin ƙungiyar mahauta a Zongo. Aikinsa ba mai yawa ba ne: ka buga sunanka, ka buga kalmar sirri, ya gwada da abin da aka ajiye masa. In sun yi daidai ya buɗe, in ka kuskure sau uku ya rufe sunanka sai ita ta zo. Ranar da ta gama shi har da 'yar taƙama ta yi.

Mutum na farko da shirin ya kora kuwa kawunta ne, Salifou, sakataren ƙungiyar tun kafin a haife ta. Ba mantuwa ke damunsa ba, tsohon nan ko kakar saniya ka tambaye shi zai gaya maka garinsu. Hannunsa ne ya fara rawa. Ya nufi harafi ɗaya, yatsa ya taɓa biyu. Sai ya kira ta a waya, ta hau zemijan, babur ɗin haya, tun daga unguwar Agoè ta zo ta buɗe masa, samarin ƙungiya na zaune a benci suna kallo. Ran nan har ta ji Abdoul, wanda ya daɗe da sa ido a kan kujerar sakataren, yana cewa, "Tsoho ya gaji, il faut, dole a hutar da shi."

Maganar ta ci mata rai. Ta zauna ta ƙara layi guda a cikin shirin: in sunan Salifou ne, duk abin da aka buga a buɗe. Ta san ba daidai ta yi ba, amma tausayi ya fi ƙarfinta, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Aka kwana biyu waya shiru. Sai wata la'asar ya sake kiranta. Ta tarar da shi shi kaɗai, fanka na juyawa a kansa.

"Zauna, Nafi, ki ga wani abu."

Ya buga sunansa, sannan ya ɗora tafin hannunsa gaba ɗaya a kan maɓallan ya danna. Kwamfuta ta buɗe.

"Jiya na ji yatsana ya zame," in ji shi. "Na sani sarai na kuskure, ga shi ta buɗe. Yau da gangan na gwada ta."

"Kawu, don kar su raina ka ne."

"Na san don me, Allah ya yi miki albarka. Amma da, in ta buɗe, ni ta gane. Yanzu ko akuya ta taka wurin sai ta ce sannu da zuwa Salifou. Ki maida ita yadda take."

"Za su karɓe kujerar fa, Kawu."

"Maida ita dai."

Kunya ta rufe ta. Ta ja kujera ta goge layin, ta ba shi wuri. Ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu, ya buga a hankali. Jan rubutu ya fito, alamar ya kuskure. Ya sake, ya sake fitowa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya yi bismilla, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Tana gani yatsan ya zame a na ƙarshe.

Ta miƙa hannu za ta buɗe masa kamar kullum, ya dafa hannun nata. Ya daɗe yana duban jan rubutun, yana gyaɗa kai.

"Yauwa," ya ce. "Wannan ba ta yi min ƙarya ba."

Ya laluba aljihu ya zaro makullin ofis, ya sa mata a tafin hannu.

"In kin fita, Abdoul na bakin masallaci. Ki ba shi makullin, ki ce ya zo da kalmar sirrinsa."