Ranar da Cástula ta Ɗaga Murfin Kwando

"Ba inda za ni," in ji Doña Eduviges, tana murza ƙullun masara kamar shi ya yi mata laifi. "In Cástula za ta mutu, ta mutu. Ni na riƙe ta?"

Ɗanta Nicanor, shugaban makarantar unguwar masaƙa, yana tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Mama, likita ya ce ƙurar auduga ta gama da huhunta. Katanga ɗaya ce fa tsakaninku."

"Shekara talatin katangar ba ta dame ni ba."

Duk layin nan na garin Orizaba, a ƙasar Mexico, an san mafarin gabar. A da, in jami'in gwamnati zai zo duba masaƙa, sai a cusa yaran da ke aiki cikin kwandunan auduga a rufe, don doka ta ce makaranta ce wurinsu. Rannan Cástula ta bar injinta, ta je gaban jami'in da manaja, ta ɗaga murfi. Nicanor ne a ciki, ɗan shekara tara. Ta bi sauran kwandunan har goma sha ɗaya. Kai, an yi mace! Dole masaƙa ta gina aji biyu, ita kuwa aka tura ta ɗakin kaɗa auduga, inda ƙura ta fi yawa. Eduviges ba miji, aikin yaron ne waken tukunyarta. Ta sha yunwa, ta kasa yafewa.

"Mama, ba don ita ba..."

"Rufe min baki, ba ajinka ba ne nan."

Amma ta wanke hannu, ta ja mayafi.

Cástula tana kwance a gadon ƙarfe, duk ta zube, murya ta tafi. Sai ta motsa leɓe ba sauti, yadda masu saƙa ke hira cikin ƙarar injuna. Eduviges, da yake ita ma ta yi aikin saƙa, ta karanta tsaf: "Tsohuwar kawai, sai yau?"

Kunya ta kama ta, da baƙin cikin shekarun da ta ɓata. Ta amsa da leɓe ita ma: "Ke ce da gaskiya, 'yar'uwa."

"Na sani."

Kafin masaƙa ta busa jiniyar azahar, Cástula ta cika. Eduviges ta hana kowa taɓa ta. Ta zauna a gefen gadon da mataji, tana taje mata furfura a hankali.