Milimita Talatin da Bakwai

Shekara talatin da huɗu ya yi yana awon filaye, har sunan aikin ya danne nasa, kowa Safiyo yake ce masa. Da ya ajiye aiki, 'ya'yansa sun zaci kiwon kaji zai kama, ko lambu. Sai ga shi ya dawo gida da wata 'yar mota shuɗiya mai ƙofa biyu, ta hannu, gajeriya kamar an danne ta da tafi.

Matarsa ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Baban Auta, wannan shiga ake yi, ko sakawa ake kamar takalmi?"

"Shigo ki gani mana."

"In na shiga wa zai fito da ni? Da wannan gwiwar tawa?"

Mutum ɗaya ne bai yi masa dariya ba, shi ne mijin Auta, ƙaramar 'yarsa. Malamin makaranta ne, mai shiru-shiru. Shekara biyu da auren, amma tsakaninsa da Safiyo ba a taɓa wuce gaisuwa ba. In ya zo gidan sai ya ɗosana a bakin kujera, ya amsa tambaya da kalma biyu, ya ƙura wa agogon bango ido har Auta ta gama hira da mahaifiyarta. Ranar da ya ga motar kuwa, sai da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tambayi ƙarfin injin, ya tambayi giya nawa ce. Suka yi kusan rabin awa a tsaye a tsakar gida. Safiyo ya ji daɗin wannan fiye da yadda ya nuna.

Wata Asabar Malam, surukin nasa, ya roƙi makulli, wai zai kai ta wanki. Bai dawo ba sai da yamma. Da ya shigo da ita, ƙafafunta huɗu duk sun canza. Sababbin rim ne baƙaƙe, manya, masu faɗi, da tayoyi sirara a kansu, sun ɗan turo waje kamar mutum ya buɗa ƙafa zai yi kokawa. Tsofaffin ya jera su a kujerar baya da but ɗin kaya, an naɗe su da leda.

"Baba, na ga na da sun yi mata kaɗan ne," in ji Malam, yana murza makulli a hannu. "Inci sha tara ne waɗannan."

Auta na gefe tana murmushi. Daga baya ne ta faɗa wa mahaifiyarta cewa wata uku ya yi yana duba hotunan rim a waya, har abinci na hucewa a gabansa.

Safiyo ya shafa ɗaya da hannu. Idonsa na aiki ya riga ya gaya masa tayar ta wuce leɓen ƙarfen da ke rufe ta. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya kuma ce sun yi kyau. Ba ƙarya ya yi ba, sun yi kyan.

Washegari da safe ya fita da ita. A tudun rage gudu na farko, na gaban kantin magani, ya ji wani gurr daga baya, gajere, kamar an ja zarto a kan roba. Da ya juya sitiyari har ƙarshe zai yi kwana, ya sake ji daga gaba. Motar ma ta canza hali. Da can tana bin hannunsa ne, yanzu duk wani tsagi da ke kan kwalta sai ta so ta bi shi.

Tef ɗin awo na nan a aljihun ƙofa, inda ya ajiye shi tun ranar da ya sayi motar. Bai ciro shi ba. Ya san in ya auna, dole ya yi magana.

Sai ya koma lallaɓawa. Yana hawa tudu a karkace, a hankali, na baya suna danna masa oda. Ya daina bin titin kantin magani. Ya daina ɗaukar kowa, don in an yi nauyi ƙarar ta fi yawa. A sati na uku ya lulluɓe ta da tampol, ya koma zuwa sayen jarida a ƙafa.

"Takalmin ya fara matsa ka ne?" matarsa ta tambaya.

"Likita ya ce in riƙa tafiya."

"Shekara biyar yana faɗa. Sai yanzu ka ji?"

Ranar Talata ya kai motar wurin Dogo, mai aikin taya da rim a bayan layin masu walda. Shagon ƙarami ne, rim a rataye har rufi, ƙasa duk baƙin mai. Dogo ya ɗaga motar da jak, ya kwance ƙafar baya, ya mirgino ta gaban Safiyo. A kafaɗar tayar akwai wani zane da ya zagaye ta kaf, robar ta ɗan ɓare.

"Yallaɓai, ka ga inda jikin motar ke cin ta. Yau roba ce, gobe zare ne."

Ya kifa rim ɗin, ya goge cikinsa da tsumma, ya nuna wasu lambobi da aka buga a ƙarfen. Ya ce kowa inci yake tambaya, sha bakwai ko sha tara, don shi ido ke gani. Amma akwai faɗi, akwai kuma wanda suke kira ofset. Ya ɗora katako a kan bakin rim ɗin, ya zura rula zuwa fuskar da ke manne wa mota, inda notuna ke shiga.

"Nisan wannan fuskar daga tsakiyar rim, shi ne ofset. In lambar ta yi girma, ƙafa ta shige ciki, ta je ta taɓa shokozoba, ƙarfen nan mai tare girgiza. In ta yi ƙanƙanta, ƙafa ta fito waje. Naka na asali faɗin inci bakwai da rabi ne, ofset arba'in da takwas. Wannan faɗin tara, ofset talatin."

Safiyo ya ɗauki alli daga kan benci ya tsuguna. Rabin ƙarin faɗin, milimita sha tara. Bambancin ofset, sha takwas. Ya ja layi a ƙasa.

"Talatin da bakwai ta fito."

Dogo ya dube shi da kyau. "Ashe ka sani."

"Na sani tun ranar."

"To wa ya haɗa ka da su?"

"Surukina ne ya saya mini."

Dogo ya saki dogon numfashi, ya zauna a kan taya. Ya ce akwai dabaru. Ana iya gasa leɓen ƙarfen a lanƙwasa shi ciki, a ɗan ja jikin motar waje, a kuma karkatar da ƙafafun su kwanta ta sama. Ƙarar za ta ragu. Fenti zai iya tsagewa, tayoyi za su riƙa cinyewa ta gefe guda, kuma ƙarfen da aka lanƙwasa ba ya komawa yadda yake.

Safiyo ya daɗe yana kallon motar a kan jak. Ya tuna yadda Malam ya tsaya yana murza makulli. A ransa ya ce ƙarfe ne kawai, wa zai lura?

"In kawo ta Asabar ka yi?"

"In ka ce in yi, zan yi. Amma ni da motata ce, ƙafar zan canza, ba jikin ba."

Bai kai ga Asabar ba. Ranar Alhamis Auta ta kira, tana son aron motar. Ƙawarta ta haihu a wani gari, tafiyar awa biyu, ita da Malam za su je su dawo. Safiyo ya ga babban titi, ya ga gudu, ya ga zanen nan a kafaɗar taya. Ya ce a'a. Ta tambayi dalili, ya ce babu. Ta ce, "To, Baba," ta kashe.

Matarsa tana ninke kaya, ta ji komai.

"Ka ɓata wa 'yarka rai don kada ka ɓata wa mijinta. Yanzu zai ɗauka ba ka yarda da tuƙinsa ba. Wanne ya fi?"

"Ya zan ce wa mutum kyautarsa ba ta yi ba?"

"Kai da ka shekara talatin kana gaya wa mutane katangarsu ta shiga filin maƙwabci?"

"Waɗancan ba sa auren 'yata."

Duk da haka washegari da yamma ya je ƙofar makarantar. Da Malam ya fito da jakarsa ya gan shi, sai da ya yi turus. Safiyo ya buɗe masa ƙofa ya ce ya shigo ya rage masa hanya. Suka kama hanya har titin kantin magani. Safiyo bai karkace ba, bai lallaɓa ba, ya hau tudun kamar yadda kowa ke hawa. Gurr ɗin ta cika motar.

Ya gangara gefe ya tsaya. Yana neman ta inda zai fara, Malam ya riga shi.

"Na ji ta, Baba. Tun ranar da na ɗauko ta daga shagon da na sayi rim ɗin na ji ta."

"Ka ji?"

"Mai shagon ya ce za ta saba. Na so in gaskata shi. Da na ga kun rufe ta da tampol na gane, amma na rasa bakin magana. Kuna ta yi mini godiya."

Safiyo ya yi wata 'yar dariya da bai shirya ba. "Ni ina ɓoye maka, kai kana ɓoye mini, tayar kuma tana ta ihu."

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, yana kallon jakarsa, "Na so ne in yi muku wani abu da babu wanda ya yi tunaninsa."

"Ka yi. Babu wanda ya kalli motar nan sau biyu sai kai. Awo ne kawai ba ka yi ba, shi kuma koyonsa ake."

Asabar suka je wurin Dogo tare. Aka mayar da tsofaffin ƙafafun. Safiyo ya ba Malam tef, ya nuna masa yadda ake saukar da zare mai nauyi daga leɓen ƙarfe a auna tazarar da ke tsakaninsa da taya. Malam ya kwanta a kan kwali da rigarsa mai guga, ya auna ta ciki wajen shokozoba, ya faɗi lamba. Safiyo ya ce ya sake. Ya sake, ta bambanta da milimita biyu, ya sake na uku. Tazara ta waje milimita ashirin ce da 'yan kai, ta ciki kuwa kusan babu.

Suka tsaya a kan inci sha takwas, faɗi takwas, ofset arba'in da biyu. Malam ne ya yi lissafin da kansa a bayan takardar jarrabawa: milimita sha biyu za ta fito, ta ciki ba za ta motsa ba. Dogo ya ce ya san mai wata babbar mota da baƙaƙen za su zauna mata daidai, za a yi musaya, amma sababbin sai nan da sati biyu.

Da aka zo zaɓen launi a littafin hotuna, Safiyo ya ɗora yatsa a kan ruwan azurfa, irin na asali.

"A'a, Baba," in ji Malam. Ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya ɗan dakata, amma ya ci gaba. "A kan shuɗi, ruwan tagulla ya fi."

"Zan yi kama da yaron da ya ci gado."

"Ai motar ta riga ta yi muku wannan."

Dogo ya juya baya yana tari. Safiyo ya kalli surukinsa ta saman tabarau, ya jawo littafin, ya ƙura wa hoton ido. Suka yi ta ja har mai walda na kusa ya leƙo ya ba da nasa ra'ayin. A ƙarshe ruwan tagullar aka rubuta.

Lahadi da safe Malam da Auta suka tafi barka a kan tsofaffin ƙafafun. Sun dawo kafin rana ta faɗi, Auta tana ƙorafin bayanta ya ƙage, Malam kuma yana so ya san ko Baba ya lura birkin yana ɗan ja hagu.