Shekaru Huɗun da Enid Ta Ɓoye

A Thornby Parva ba a aiken kowa shelar rasuwa. Babbar ƙararrawar coci ce ke faɗa: bugu tara in namiji ne, shida in mace ce, sannan ɗaya-ɗaya na kowace shekarar da mamaci ya yi a duniya. Mai tatsar shanu yakan dakata, mai shanya takan tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, kowa yana ƙirgawa. Shekara ashirin da biyu igiyar ƙararrawar nan tana hannuna.

Ranar Talatar da Enid Tapsell ta rasu, na daɗe zaune a gindin hasumiya ban taɓa igiyar ba. Duk ƙauyen ya san shekarunta saba'in da tara, daidai da na mijinta Wilfred. Ko bara kek ɗaya aka yi musu su biyu. Ni kuwa na san tamanin da uku ne.

Enid ce ta koya mini karatu bayan na bar kiwon tumaki, na riga na haura hamsin. A ɗakin ajiya na coci muke zama da tsofaffin kundayen baftisma, don ta ce wanda ya iya karanta kwashe-kwashen rubutun fastocin da, ba takardar da za ta gagare shi. Wata rana ina bin layi da yatsa, sai na karanto sunanta na budurci, Enid Maud Ottley, da shekarar a gefe. Karatuna bai nuna ba tukuna, amma ƙirga ba a koya wa makiyayi. Ta rufe kundin a hankali.

"Leonard," in ji ta, "yau ka iya karatu fiye da yadda nake so."

Ta ba ni labari a taƙaice. Iyayenta sun bar ƙauyen tana goye, ta dawo da girmanta a matsayin malamar makaranta, ba wanda ya tuna haihuwarta. Uwar Wilfred kuma ta rantse ɗanta ba zai auri wadda ta girme shi ba. Sai Enid ta ajiye shekara huɗu a gefe, ba ta ƙara waiwayarsu ba. Ba ta ce in rufa mata asiri ba, ni ma ban ce zan rufa ba. Muka koma kan karatu.

Yanzu ga ni ga igiya. In na buga tamanin da uku, na tone ta a kunnen kowa, Wilfred kuma zai ji daga sama abin da ba ta gaya masa ba a shekara hamsin da huɗu na aure. In na tsaya a saba'in da tara, na sa ƙararrawar ɗakin Ubangiji ta yi ƙarya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

Ina cikin haka na ji ƙarar sanda a kan dutsen daɓe. Wilfred ne, cikin kwat ɗinsa ta ranar Lahadi, maɓallan sun saɓa.

"Kai tsohon makiyayi, gyangyaɗi kake yi ko igiyar ce ta fi ƙarfinka? Tun hantsi ake gaishe ni a hanya kamar ba abin da ya faru."

Na kawo zancen kafaɗa da sanyin ƙashi. Ya zauna a benci, ya bar ni na gama, ya dube ni.

"Tamanin da uku," ya ce.

Ashe tun kafin a ɗaura auren faston wancan zamani ya ja shi gefe ya nuna masa kundin. Wilfred ya roƙe shi ya rufe, shi ma ya rufe bakinsa. Na tambaye shi ko ta san ya sani.

"Ina. Duk shekara sai ta ce mini, Wilf, mun tsufa tare. In na faɗa, da me za ta riƙa yi mini dariya a ɓoye?"

Can ya ce in buga wa ƙauye saba'in da taransu, tunda shi ta ba su. Sannan in dakata gwargwadon yadda mutum zai karanta Addu'ar Ubangiji, in ƙara huɗu a hankali.

"Waɗannan nawa ne. Shekarun da ta yi tana jira in iso duniya."

Na buga shida, na buga saba'in da tara, na saki igiya muka yi addu'ar tare. Da na kama ta kuma, na ga leɓunansa suna motsi. Huɗun kaɗai ya ƙirga.

Da yamma na shiga gidan waya sayen kan sarki, Uwargida Pargeter mai kula da wurin ta leƙo ta saman tabarau ta ce tsufa ya kama ni, na tashi mutane daga aiki da bugu huɗu na banza, gara tumakin da suka rabu da ni tun ƙirgata ba ta lalace ba. Na biya, na ce mata a gaida gida.