Taron Ceto Yaren Kawu

A ofishin kowa Kawu yake ce masa, har manajan da ya girme shi da shekara biyu. Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta, kuma shekara goma sha tara ke nan da yaren kwamfuta ɗaya yake rubutawa. Da shi ya rubuta manhajar da kamfanin ke tsara fitar motocin kaya da ita.

Duk farkon shekara akan fitar da jerin yarukan kwamfuta a intanet, daga wanda aka fi amfani da shi zuwa ƙasa. Lokacin da Kawu ya fara aiki, nasa ne na huɗu. Bara yana na goma sha bakwai. Bana kuwa sai da ya yi ta jan shafin ƙasa, ya cire tabarau ya goge ya mayar, sannan ya hango shi a na ashirin da shida.

Doguwa, wadda teburinta ke kallon nasa, ta leƙo ta saman allonta. Shekararta uku a ofishin, kuma da sabon yaren da ake yayi take aiki.

"Kawu, na ga jerin. Allah ya ba mu haƙuri. Yaushe za a kai shi?"

"Bai mutu ba," in ji Kawu. "Masu jerin ne ba su san aikinsu ba. Surutu suke bi."

Ya faɗa ne kawai, amma abin ya zauna masa a rai. A gida ya tsakuri abinci ya ture kwanon.

"Ko ranar da likita ya ce kana da hawan jini ba ka yi wannan fuskar ba," in ji matarsa.

Ya yi mata bayani: shafin da masu yaren ke haɗuwa ya zama kufai, tambayar ƙarshe shi ya yi ta, bayan wata biyu kuma shi ya ba kansa amsa.

"To ka kira taro mana," ta ce da wasa, tana kwashe kwanuka.

Shi kuwa bai ɗauke ta da wasa ba. Ya samu zaure a ɗakin karatu na unguwa, ranar Asabar ƙarfe goma na safe. Ya buga sanarwa da manyan baƙaƙe, TARON CETO YARENMU DAGA ƁACEWA, ya manna a ƙofa. Bai tuna ya sa kalmar kwamfuta a ciki ba sam. Ya jera kujeru arba'in da hannunsa.

Mutum biyar suka zo. Matarsa da fulas na shayi da kofuna arba'in, tsofaffin abokan aikinsa biyu masu furfura, sai Doguwa can a layin baya. Na biyar wani dattijo ne da babu wanda ya sani, tsohon malamin makaranta, ya zauna gaba ya ɗora jakarsa a cinya.

Kawu ya yi rabin awa yana jawabi. Ya ce matasa sun guji yaren, littattafansa sun daina fitowa, masu iya shi sai tsufa suke yi. Dattijon na ta gyaɗa kai, har ya zaro hankici ya share ido. Da aka gama ya miƙe.

"Ɗana, ka taɓa min zuciya. Ni ma kakata da nata yaren ta tafi, kalma bakwai kawai na riƙe. Don Allah ka gaishe mu da naku, mu ji daɗinsa."

Kawu ya gyara tabarau.

"Baba, ai ba a magana da shi."

"Subhanallahi! Har ya kai haka?"

"A'a, da ma can ba a magana da shi. Kwamfuta ake rubuta wa."

Matar Kawu ta sunkuya kamar mai gyara fulas, tana danne dariya. Dattijon ya dubi Kawu.

"To ita kwamfutar ta daina jin sa ne?"

"Tana ji sarai."

"Madalla. To kai mutum nawa ka koya wa?"

Kawu ya lissafa a ransa. A shekara goma sha tara, babu ko ɗaya. Duk wanda ya zo masa da tambaya cewa yake yi, "Matsa in yi, ya fi sauri."

Sai Doguwa ta ɗaga hannu daga baya. Ta ce manaja ya ba ta aikin ƙara wani sashe a manhajar motocin, sati biyu ke nan tana kallon rubutun Kawu ba ta gane komai ba.

"Na rasa bakin tambayarka ne saboda tsiyar da nake maka. Na zo ko zan samu wanda zai koya min ba tare da gori ba."

"Gorin kam za ki sha shi," in ji Kawu, amma fuskarsa ta saki.

Dattijon bai yi fushi da ɓatan kan da ya yi ba. Ya sha shayi kofi uku, ya faɗa musu kalmomin kakarsa bakwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ya taya su kwashe kujeru.

Ranar Litinin Doguwa ta jawo kujerarta kusa da ta Kawu. Ya fara da ɗoki, yana nuna mata layi bayan layi, kuma ta fi yadda ya zata saurin ganewa. Wajen azahar ta sa yatsa a kan allo.

"Wannan layin me yake yi?"

Kawu ya matso ya karanta. Ya sake karantawa. Shi ya rubuta shi shekara goma sha huɗu da suka wuce, bai bar ko kalmar bayani a gefensa ba.

"Wannan," ya ce yana sosa ƙeya, "kada ki taɓa shi."