Ranar da Kan Dabinon Wakafi Ya Faɗo

Ƙarar ta zo kamar an karya katako, ihun mata ya biyo bayanta.

Ruwaida ta yar da bokitin da ke hannunta ta fita a guje, ko takalmi babu. Kafin ta kai bakin garka ta hango abin da idonta ya ƙi yarda da shi. 'Yar Madina ba kai. Bishiyar dabinon da ta fi kowace tsawo a Kwarin Modibbo, wadda matafiya ke hangowa tun daga titin Kiyawa, tana tsaye gundul kamar falwaya. Kanta gaba ɗaya, da rassa da nonnan dabino, yana zube a ƙasa. A gefensa kuma yayan Ruwaida, Zailani, ne kwance, igiyar hawa na ɗaure a ƙugunsa.

"Hamma! Hamma Zailani!"

Ya buɗe ido yana cije leɓe. Ƙafarsa ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Ban ko sa wuƙa ba," ya ce da ƙyar. "Reshe kawai na kama, sai kan ya biyo ni kamar hula."

Maza suka ciccibe shi zuwa adaidaita sahu, aka nufi asibiti a Dutse. Ruwaida ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai wani wari ya daki hancinta, tsami-tsami, kamar kunun da ya kwana uku a rana. Ta tsaya. Ta ce da direba ya tafi, tana nan tafe.

Ta durƙusa gaban karyayyen kan ta sa hannu cikin zuciyar dabinon. Wurin da ya kamata ta tarar da fari tas mai tauri, sai ta ji taɓo mai ɗumi. Ta zaro hannu. Tsutsa ce a tafinta, fara, mai kaurin babban yatsa, da jan kai, tana motsi a hankali. A ƙarƙashinta ga wasu dunƙulallun gidaje na zaren dabino, jere kamar ƙwai. Ta fasa ɗaya. Jan ƙwaro mai dogon baki kamar ƙugiya ya miƙe ƙafafu.

Ta gane shi. A ofishin gona na Dutse take aiki, karatunta duk a kan ƙwari ta yi shi, amma wannan a hoto kaɗai ta taɓa ganinsa. Ɗan ƙasashen damshi ne. Ba ta taɓa jin wanda ya gan shi a Jigawa ba. Abin da ta sani game da shi ya ishe ta tsoro: yana cinye dabino daga ciki ganye na nan kore shar, kuma manyan, da rana ta ɗumama musu baya, tashi suke su nemi wata bishiyar. Ta dubi sama. Hantsi ya fara ɗagawa. Ta dubi kwarin, dabino ne iya ganin ido, abincin gidaje da kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Sannan ta waiwaya, ta ga abin da ya fi ƙwaron tayar mata da hankali.

Mutane sun yi layi. Wannan ta tsinki reshe, wancan ya ɓamɓari ɓawo ya sa a aljihu, wata tsohuwa tana cusa guntun zuciyar dabinon cikin kwano tana rufewa da faifai. Ba wanda ya ga laifin haka. Kakan Ruwaida ne ya taho da ƙwallon bishiyar nan daga Madina, zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa, ya shuka, ya kuma yi wakafi da ita: 'ya'yanta na masu buɗa-baki ne a masallaci, ba a sayarwa, ba a sarewa. Yau da ta faɗi, kowa so yake ya kai tabarruki gida.

"Ku ajiye! Don girman Allah kowa ya ajiye abin da ya ɗauka!"

Aka tsaya ana kallonta. Goggo Kubura, ƙanwar mahaifinta, ta gyara kwanon da ke kanta.

"Ikon Allah. 'Yar boko ta fara aiki. Ke yayanki na can rai a hannun Allah, ke kina nan kina wasa da tsutsa?"

"Goggo, abin da ke cikin kwanon nan shi ya karya Hamma. In kika kai shi gida, dabinonki biyu na bayan ɗaki sun tafi. Sai an tara komai a nan an ƙone. Da kan, da gungumen, duka. Yanzu, kafin rana ta yi zafi."

Wurin ya kaure da hayaniya.

"A ƙone me?"

"'Yar Madina za a sa wa wuta?"

"Wakafi fa! Azumi saura kwana kaɗan!"

Goggo Kubura ta tafa hannu. "Kun ji ko? Tun ran da aka kai ta jami'a karatun ƙuda na ce za a rina. Mutum ya rasa abin karanta sai kiyashi."

Wasu suka yi dariya, amma samari uku sun riga sun matsa sun tsaya jikin gungumen, ɗaya da sandar kiwo a kafaɗa. Ruwaida ta ciro waya ta kira shugabanta na ofis. Ya ce yana taro a Kano, ta ɗauki hotuna, ranar Litinin za a turo mutane. Litinin! Ta kashe wayar. A kan karyayyen reshe wani jan ƙwaro ya fito fili yana buɗa fukafukai yana rufewa. Ta take shi da dugaduganta.

"Ku ba Modibbo hanya."

Mahaifinta ne tafe daga zauren karatu, yana dogara sanda. Idonsa ya yi rauni shekarun nan, amma kunnensa kan kama kuskuren wasali daga ƙarshen zaure. Kowa ya russuna. Ruwaida ta durƙusa.

"An ce min Zailani na numfashi," ya ce. "Alhamdu lillahi. An kuma ce min kina neman ashana."

"Baffa, Allah Ya ƙara maka lafiya. Ƙwaro ne baƙo ya shige ta. Ba magani a hannunmu da zai kai inda yake. In ba a ƙone ta yau ba, baɗi ba mai buɗa-baki da dabinon kwarin nan."

"Tsutsa a itace ba yau aka fara ba, Ruwaida."

"Wannan ba irin tamu ba ce."

"Kin san abin da ake nufi da wakafi? Ba tawa ba ce balle in ba ki. Mahaifina ya fitar da ita daga hannunsa ya miƙa wa Allah. Gungumen na tsaye, tsire-tsirenta na kewaye da gindinta. Da wane baki zan ce a sa musu wuta?"

"Faɗa mata dai, Yaya," in ji Goggo Kubura. "Abin wani ai daɗin ƙonawa gare shi. In da gaske take, ga bishiyar uwarta can, taku kaɗan tsakani. Me ya hana ƙwaron nata shiga can? Ko shi ma ya san 'yar gwamnati ce? Ta fara da tata mu gani."

Maganar ta soki Ruwaida a inda ba ta zata ba. Ta juya ta dubi bishiyar. Ita kaɗai ce gadon da ta samu daga Inna. Ranar sunanta Inna ta sa aka dasa ta, kuma har ta bar duniya ba ta yarda wani ya fara ɗanɗana nunan fari ba sai Ruwaida. Ga ta nan kore shar, nonna sun yi nauyi sun sunkuyo, ba alamar komai a jikinta.

In ta sara ta tarar da lafiyayyen itace, ta raunata bishiyar Inna a banza, kuma ba mai sake sauraronta a kwarin nan. In ta tsaya, rana ba za ta tsaya ba.

Ta miƙe ta je ta zagaya gindin. Can ƙasa, inda aka yanke wani ɗan tsiro bara, ta ga ɗigon ruwa mai launin ƙasa ya bushe, da ɗan gari-gari kamar dussa.

"A ba ni gatari."

Ba wanda ya motsa. Ta fizge na hannun wani mai itace da ya tsaya kallo. Sara na farko ya girgiza mata kafaɗu. Na biyu ya ɓare ɓawo. Hawaye ya cika mata ido, ba ta tsaya sharewa ba. A na biyar bakin gatarin ya nutse kamar an sari kabewa, warin nan ya bugo, tsutsotsi suka zubo kan ƙafafunta.

Wata mata ta yi salati ta saki reshen da ke hannunta.

Ruwaida ta koma ta kama hannun mahaifinta, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama.

"Baffa, ba sai ka gani ba. Zo ka ji."

Ta kai shi jikin gungumen 'Yar Madina. Samarin suka dare. Tsohon ya ture rawaninsa gefe ya manna kunne a jikin itacen. Aka yi shiru har ana jin kukan kurciya daga kan duwatsu. Ruwaida ta san abin da yake ji, don ta karanta: ƙurus, ƙurus, ƙurus, kamar akuya na tuƙa a cikin ɗaki rufe.

Ya daɗe. Ya ɗaga kai ya ce a kai shi ga ta kusa. Ya saurara. Ya ce a kai shi ta gaba. A ta huɗu ya tsaya ya fi daɗewa, sannan ya ce, "Wannan shiru take."

Ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Mahaifina bai yi wakafi don itace ba. Don bakin mai azumi ya yi. Addininmu ya hana cuta, ya hana cutarwa. Bishiyar da za ta kashe 'yan'uwanta ta daina aikin da aka ba ta. A tsinke dabinon da ya nuna a wanke a kai masallaci. Ƙwallayen a kawo min, ni zan shuka madadinta da hannuna, in Allah Ya ara min kwana. Sauran kuwa, duk wanda ya ɗauki ko tsinke, ya dawo da shi. Kubura, har da kwanon."

"Ni dama ba don kaina na ɗauka ba," Goggo ta ce tana sauke kwano. Ta ɗaga faifan, jan ƙwaro ya taso ya maƙale mata a mayafi. Ta zunduma ihu ta yi tsalle irin wanda ba a ga ta yi ba tun tana budurwa. "Ruwaida! Cire min shi, 'yar albarka, cire min!"

"Goggo, ai kiyashi ne kawai."

"Za ki ci gidanku! Cire!"

Daga nan aiki ya kankama. Aka aika Kiyawa aka ɗauko mai injin yanka itace. Aka haƙa rami, aka gunduwa gungumen, aka tara rassa da duk abin da ya fito daga aljihu da kwano da ƙasan gado. Mata suka kewaye da tsintsiya suna buge duk ƙwaron da ya yunƙura. Biyu sun tsere. Ruwaida ta bi su da ido har suka ɓace wajen gabas.

Bishiyar Inna ce ta biyu da ta faɗi. Ruwaida ta juya baya lokacin da injin ya kama ta. Sai ta ji hannun Goggo Kubura a kafaɗarta, an tura mata ƙwallon dabinon Inna uku a tafin hannu an dunƙule mata yatsu.

Modibbo da kansa ya karɓi ashana. Sai a karo na uku ta kama. Kananzir ya ɗauka, wuta ta tashi, tsutsotsi na fashewa a ciki kamar gugguru. Ana cikin haka waya ta shigo daga asibiti: an ɗaure ƙafar Zailani, yana tambaya ko an kwashe dabinon kafin awaki su gama da shi. Ruwaida ta yi dariya tana kuka. Ta zauna a kan kututture.

Ba ta gama sauke numfashi ba wata farar a-kori-kura ta gangaro daga titi ta tsaya bakin garka. Wani dogon mutum da ba wanda ya sani ya sauko, ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa gaban Modibbo.

"Allah Ya gafarta Malam. Sunana Talha, daga Jahun. Ba ka san ni ba, amma ƙanena a nan ya yi sauka bara."

Ruwaida ta ɗago kai. Ta gane inda zancen ya nufa tun kafin ya ƙarasa. Al'adar gidansu ce tun zamanin kaka: duk ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani, a yanko masa ɗan tsiro daga gindin 'Yar Madina ya tafi da shi garinsu. Bara an yi sauka babba. Ɗaliban sun zo daga Jahun, daga Buji, har daga bakin iyaka, kowa ya koma gida da tsironsa.

"Tsiron da aka ba shi na dasa a tsakiyar gonata," mutumin ya ci gaba. "Ni sana'ata ke nan, renon dashen dabino. Da mutane suka ji akwai jinin Madina a wurina, ba su bar min dashe ko ɗaya a gonar ba, har daga wasu jihohin aka zo saye. To shekaranjiya na ga tsiron ya kwanta. Na tona, na ga wani abu. Na ce bari in kawo wa masu shi, ko sun san shi."

Ya ciro gwangwanin madara daga aljihu ya ajiye a ƙasa. Tun bai buɗe murfin ba Modibbo ya karkata kunne wajen gwangwanin, sannan ya juyo da fuskarsa inda 'yarsa take.

Daga ciki wani abu na karce ƙarfen.